Na Miƙe Hula, Kawu Ya Karkace

Kwanan baya wani mai hoto ya zo suna a unguwarmu ta Yindiski, na ga yana karkata kyamara kafin ya danna. Na ce, "Malam, hannunka ya goce." Ya ce da gangan ne, salo ne, a makaranta aka koya musu. To, ina so a rubuta a ajiye: ni na fara wannan salo a Potiskum, tun Turawa na nan, kuma ba wanda ya kira shi salo. Cewa aka yi zan hana kawuna zuwa hajji.

Karatuna aji uku ne a elemantare. Ya ishe ni karanta lambar mota, bai ishe ni zama akawu ba. Na yi aure, noma bai karɓe ni ba, sai na liƙe wa wani mutumin Kudu mai ɗaukar hoto a bakin tasha. Kayan aikinsa akwatin katako ne mai ƙafa uku, da idon gilashi a gaba, da baƙin ƙyalle a baya inda ake cusa kai. Ranar da na fara leƙawa na ga mutum kai ƙasa ƙafa sama, na fito da sauri in tallafe shi, na tarar yana zaune lafiya lau. Maigidan ya ce haka akwatin yake, komai juya shi yake yi. Ya kuma ce in zan saita hoto, in nemi abu dogo in miƙe da shi. Darasi biyun nan na riƙe da kyau, su ne kuma suka kai ni inda suka kai ni.

Aikin hawa biyu ne. Hoton farko yakan fito baƙi ya zama fari, fari ya zama baƙi, mutum kamar an tono shi daga toka. Sai a manna wannan a allo gaban akwatin a sake ɗaukarsa a wata takarda, sannan mutum ya dawo kamanninsa.

Ina mako na uku da koyo maigida ya tafi Jos sayo takardar hoto. Ya bar mini akwati, da takarda uku, da gargaɗin kada in ɗauki kowa. Washegari sai ga Kawu.

Kawu wan mahaifiyata ne, dillali a kara, wato kasuwar shanu, asalinsu Barno. Ya daɗe yana shirin hajji, an gama komai, saura hoton fasfo, motar da za ta kai su Yerwa su kama hanyar Sudan kuwa jibi za ta tashi.

Na ce, "Kawu, maigida ba ya nan."

"Akwatin ya tafi da shi?"

"A'a."

"To kai aji ukun nan da uwarka ke cika mana kunne da shi, na mene ne?"

Na kafa masa kujera jikin bango, na shiga cikin ƙyalle. Tun da na san Kawu ban taɓa ganin hularsa a tsaye ba. Doguwa ce, kullum tana kwance wajen kunnen dama kamar tana raɗa masa farashin sa. A cikin akwatin kuwa ga Kawu a kife, babbar riga ta cinye kafaɗu, bango fili fetal. Na nemi abu dogo, ban ga komai ba sai hula. Na nutsa ƙafar akwati ɗaya cikin yashi, na sa dutse ƙarƙashin ɗaya, har hula ta tsaya cak kamar ɗan sanda. Na buɗe idon akwati, na ƙirga, na rufe.

Takarda biyu suka tafi. Hula ta fito tsaye kyam. Kawu kuma ya kwanta gefe, kamar wanda sa ya fizgi igiya a hannunsa.

Muka kai wa akawun fasfo a haka. Ya juya hoton, ya juya kansa, ya ce, "Baba, wannan faɗuwa kake ko tashi?" Ya ce doka kai a tsaye take so, kafaɗa daidai, ya turo mana abinmu.

A hanya Kawu bai zage ni ba, abin da ya fi damuna ke nan. Ya ce kawai, "Shekarar nan na yi sallama da kowa, ɗan 'yar'uwa. In motar ta tafi, da wace fuska zan shiga kara?"

Saura takarda ɗaya. Da safe dabara ta zo mini: in manna hoton farkon nan mai toka a karkace, yadda Kawu zai miƙe. Na manna, ya miƙe, har na kai hannu ga idon akwati sai bokona ya motsa. Ai akwati juya komai yake yi. Ke nan in ina son ya fito a miƙe, sai in karkata shi ɗaya gefen. Na zana lissafin a ƙasa da tsinke, ya fita daidai. Har yau in na sake zana shi daidai yake fita.

Kawu ya fito ya kusa kwanciya, hula ma wannan karon ta bi shi. Takarda ta ƙare.

Muna zaune ni da shi, sai telan da ke rumfar kusa, wanda tun jiya yake kallonmu ta kan kekensa, ya ce, "Ɗan boko, miƙo na jiyan." Ya ɗora hoton a cinya, ya juya shi har hancin Kawu ya kalli sama da ƙasa, ya ja layi huɗu da allin ɗinki, ya sa almakashi.

Na ce, "Ba a yanka hoto."

Ya ce, "Yadi ma da ya fi shi tsada ana yankawa."

Ashe don rashin iyawa na tsaya nesa, na bar bango da yawa kewaye da Kawu, tela ya sami abin ragewa. Ya miƙo ɗan hoto mai kusurwa huɗu: Kawu a tsaye, hula a kwance wajen kunne, yadda duk kasuwa ta san su. Da muka koma, akawu ya auna da rula, ya buga hatimi bai ko ɗago kai ba. Ni dai ina tsaye ina neman inda karkatar ta tafi. Tela ya ce tana cikin guntayen da ya share.

Kawu ya shiga motarsa. Da ya dawo Alhaji, hoto na ukun nan, wanda ya kusa kwanciya, shi ya kafa a zaurensa. Ya ce shi kaɗai ne ya nuna shi yana aiki, sauran hotunan mutane duk kamar masu jiran shari'a. Dillalai uku suka zo suna son irin na Alhaji. Na nutsa ƙafa a yashi, na sa dutse, na zana lissafi a ƙasa. Hulunansu ba su kai tasa kwanciya ba, ko ni ne na juya sau biyu, oho. Duk ukun suka fito a miƙe, suka tafi suna cewa na yi musu rowa.