Bishiyar Matar Misyo Mori

Ku da kuke koyon aikin lambu a hannuna kun sha jin ina cewa ko ƙotar fartanya na soka a ƙasa da safe, kafin la'asar za ta yi toho. Daga unguwar Milezi har ta Bololo babu mangwaron da bai san sunana Sale ba. Amma akwai wata rana da har yau ba ta fita daga raina ba, kuma ita ce dalilin da nake hana ku taɓa shukar mutum sai kun tambaye shi.

A ƙarshen shekarun casa'in na samu aiki a wani gida a Milezi, kusa da kogi. Mai gidan dattijo ne ɗan Japan, injiniyan rijiyoyin burtsatse, muna ce masa Misyo Mori. Mu biyu ne ma'aikatansa, ni a lambu, Baba Haruna a kicin. Baba Haruna ya girme ni a shekaru da kuma a aiki, don haka umarnin patron, wato mai gidan, ta bakinsa yake iso gare ni. Shi ya laƙaba mini Sarkin Lambu, kuma ba don girmamawa ba.

Misyo Mori ganyen teku yake ci. Ana aiko masa da shi a kwali daga ƙasarsu. Akwai wani baƙi siriri kamar takarda, nori, da yake naɗe shinkafa a ciki, da wani mai kauri kamar tsohuwar ɗamara, kombu, wanda Baba Haruna yake tafasawa ya yi romo. Sau ɗaya na ɗanɗana, na yi kwana uku ina jin kogin Chari a bakina. Patron ya nuna mini hoton sakura, bishiyar da furenta 'yan kwanaki kawai yake yi, amma gari guda su shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta su zauna kallo. Na tambaye shi ko ana cin 'ya'yanta, ya ce don kallo ake shuka ta. Na ce a raina mutanen nan suna da lokaci.

Abin da ya fi ƙauna wata 'yar bishiya ce da yake kira matsu. Ganyenta kamar allurai, jikinta ya tsufa ya yi ɓawo, amma duk tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba. Tana zaune a wani kasko marar zurfi, an nannaɗe rassanta da jar waya. Da sassafe yakan fito da ita baranda ya fesa mata ruwa, rana na ɗagawa ya mayar da ita ɗaki mai sanyi, ya ajiye ta kusa da hoton wata mata. Baba Haruna ya gaya mini matar patron ce, ta rasu shekarar da ta wuce. Ita ta reni bishiyar shekara talatin da biyu, kuma ba su haihu ba.

Tun daga ranar tausayi ya kama ni. A wurinmu, bishiyar da mamaci ya dasa sadakarsa ce mai gudana. Duk wanda ya sha inuwarta, har tsuntsun da ya sauka a kanta, ladan yana isa ga mai ita. Ga baiwar Allah ta yi shekara talatin da biyu tana wahala, bishiyarta ko ƙadangare ba za ta yi wa inuwa ba. Na yanke hukunci cewa mutanen nan sun iya injin rijiya amma ba su iya dashe ba.

Cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke soya ƙwai a kan bango, aiki ya kai patron gabashin ƙasa na mako uku. Wannan karon da kansa ya kira ni, har da "san" ɗin girmamawa da mutanensu ke liƙa wa suna.

Ya ce, "Sale-san, ruwa kaɗan da safe. Inuwa. Shi ke nan."

Na ce, "Patron, tafi da kwanciyar hankali. Ba za ka gane ta ba in ka dawo."

Washegari na haƙa rami zurfin gwiwa a tsakiyar lambu, inda rana ke faɗi sosai. Na kwaɓa ƙasar bakin kogi da ruɓaɓɓen takin akuya, yadda ake yi wa mangwaro da darbejiya. Na zare ta daga kasko, na baza jijiyoyinta, na sa filaya na datse wayar nan kaf, na zuba a kwandon shara.

Baba Haruna ya leƙo ta tagar kicin ya ce, "Sarkin Lambu, haka ya ce ka yi?"

Na ce, "Baba, kai dai ka ji da ɗamarar da kake tafasawa. Bana sai mun rataya lilo a bishiyar nan."

Ya ce, "To," ya ja tagarsa.

Kwana biyar tana nan kore, ina ta kiran masu gadin makwabta su zo su gani. A mako na biyu bakin alluran ya fara ja. Na ƙara ruwa, na kafa mata rumfar zana, na ƙara taki. A kwana na goma sha tara na taɓa reshe, alluran suka zubo mini a tafi.

Da patron ya dawo, ko jakarsa bai ajiye ba ya tambayi matsu. Na kai shi wurin. Na shirya wa zagi da kora, amma bai ɗaga murya ba. Ya durƙusa a cikin takin da wandonsa na ofis, ya tono ta da yatsunsa, ya kai ta famfo ya wanke jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Don me?"

Na yi masa bayanin inuwa da lada, da Faransancina mai ɗingishi. Na ce so na yi matarsa ta samu rabo. Sai ya sunkuyar da kai gare ni ya ce ya gode da na tuna da ita. Da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Ya ce da gangan ake hana ta girma. Kowace shekara matarsa takan rage jijiyoyin, ta lanƙwasa rassan kaɗan kaɗan, don ta yi kama da tsohuwar bishiyar da iska ta karkatar a bakin tekun garinsu. Sai ya shafa reshen da babu komai a kansa ya ce, "Wayar fa? Ita ta naɗa da hannunta, wata biyu kafin ta rasu."

An kwashe sharar tun tuni. Sai Baba Haruna ya shiga kicin ya fito da gwangwanin madara, guntayen wayar suna ciki. Ashe ranar da na zubar ya bi baya ya tsince su. Patron ya karɓa da hannu biyu, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa.

Bai kore ni ba. Na yi masa aiki har ƙarshen kwangilarsa, busasshiyar bishiyar tana cikin kaskonta kusa da hoton, kuma da ita ya koma ƙasarsu. Abin da na koya shi ne, mai lambu yana iya sanin ƙasa da ruwa da taki, amma bai san abin da mai shuka yake nema a wurin shukarsa ba sai ya tambaya.

Bayan 'yan shekaru na haɗu da Baba Haruna a wani bikin suna a unguwar Boutalbagar. Ina tsakiyar ba mutane labarin ƙotar fartanyata mai toho, ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Sarkin Lambu, ka ba su na matsu mana. Mace ɗaya ta riƙe ta shekara talatin da biyu, kai kwana goma sha tara ta yi a hannunka."