Kwantenar da Aka Zo Yi wa Taga

Jama'a, yau na ga abin mamaki! A zauren nan aka ce dattijo irina da ya koyi rubutu da tawada ba zai taɓa mayar da littattafansa cikin kwamfuta ba. Da safe na sanar cewa manhajar ɗakin karatuna ta fara aiki cikin kwantena, kamar yadda masana kwamfuta ke kiran mazubin manhaja. Bayan azahar sai ga Alhaji Ndagi, jagoran masu yi mini dariya, daga Chanchaga, tare da mai walda!

"Malam, ina kwantenar? A yi mata taga, kada zafi ya lalata takardu."

Na ce, "Alhaji, tana cikin kwamfutar nan."

Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin tebur!

Mai walda ya ce, "Baba, tashi mu tafi."

Sakatare, a rubuta: Talatar nan, ranar da Ndagi ya durƙusa.