Malamar da Ta Huda Lambobi da Basilla

Malama ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Kafin a kaɗa ƙararrawa tana cikin aji, tana goge allon da aka riga aka goge, garin alli har a gefen mayafinta. Ɗalibai suna ce mata Sifili-Ɗigo-Uku, domin da haka take buɗe darasin lissafi na logaridim: log na biyu, sifili ɗigo uku sifili ɗaya sifili. In wani ya tambaya a ina lambar take ƙarewa, sai ta ce, "Ba ta ƙarewa, ɗana. Mu ne muke gajiya mu yanke mata wutsiya."

Wata shekara aka kawo ajinta yarinya makauniya mai kaifin kai. Jarrabawar fita ta matso, ba a yin ta sai da ɗan littafin log, shi kuwa babu shi a rubutun makafi. Shugaban makaranta ya ce, "Malama, a sauke mata lissafin nan, ta ji da sauran darussa." Yarinyar tana wurin. Ta sunkuyar da kai, ta lalubi sandarta ta fita.

Ranar Malama ta kasa cin abinci. Washegari ta zaunar da yarinyar ta ce, "Yau ke ce malama, koya mini rubutunku." Ta sayo kwali da basilla don ta huda mata lambobin littafin log ɗin a rubutun makafi. Mijinta yana karanto lambobin, ita tana hudawa, shi yana mita: "Ni da na gudu daga lissafi tun firamare, ga shi ya biyo ni har ɗakina!" Huji ba ya goguwa. In yarinyar ta shafa shafi ta ce, "Malama, nan bakwai ce ko tara?" to wannan shafin ya tashi aiki, sai sabo. Yatsun Malama suka yi kanta. Da aka gama, ofishin jarrabawa ya ce bai san da wannan kwali ba, ba za a shiga da shi ba sai an sa hannu. Malama ta je, aka ce ta dawo. Ta dawo, aka ce mai sa hannu ya fita. Ta tsaya a baranda tana kai da kawowa har ya dawo ya sa hannu.

Yarinyar ta ci jarrabawa. Yau ita ke koyar da lissafi a makarantar makafi.

Ke ce, Malama, kika ƙi yarda a rage wa yarinya rabonta don a huta. Ke ce uwar aji. A watan nan kika yi ritaya, kuma mun ji har kin fara tara yaran maƙwabta a tsakar gida.

Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma masu riƙe da alli yanzu, kafin ku ce yaro ba zai iya ba, ku fara gaya mana abin da kuka gwada.