Ranar da Sitaci Ya Yi Kama da Mai Hali

Idan ka shigo layinmu ka ji tari kafin ka ga mutum, to Sitaci ne, mai wanki da guga. Sunan da aka raɗa masa ya ɓace tuni, ko matarsa sai ta yi tunani kafin ta tuno. Wannan laƙabi kuwa ya bi shi ne saboda idan ya sa wa rigarka sitaci ya goge, kana iya jingine ta da bango ta tsaya da kanta, ka je ka dawo ka same ta tana jiran ka.

Tun yana saurayi yake sana'ar nan, a rumfa ɗaya, kan tebur mai guntuwar ƙafa da aka tokare da bulo. Dutsen gugarsa na gawayi ne, irin mai ɗan zakara a baki. Ya buɗe, ya zuba garwashi, ya duƙa ya yi ta hurawa, toka ta tashi ta koma masa ciki. Shekara da shekaru yana shaƙa, har ƙirjinsa ya koma kamar tsohon babur da ake fama ya tashi. Likita ya ce masa ya rabu da hayaƙi. Sitaci ya ce to, zai rabu, ranar da yaransa suka rabu da cin abinci.

Ɗakinsu ɗaya ne, rufin kwano duk ɓuli. Idan ruwa ya sauko, kayan mutane ake fara rufewa da leda, sannan a tuna da yara. Matarsa kuwa Kar-a-ji ake ce mata, don ba ta buɗe baki ba tare da wannan kalma ba. Ko babu abin dafawa sai ta ɗora tukunyar ruwa a wuta ta rufe, ta riƙa buga ludayi, kar a ji gidan ba a girki. Duk layin mun san ruwa ne. Mukan wuce mu ce mata ƙamshi ya ishe mu.

Sai ƙungiyar taimakon kai da kai ta unguwa ta samu waɗansu masu tallafi. Sakataren ƙungiyar, mutumin kirki mai yawan gumi, ya zo rumfa da kansa ya yi bayani. Za a ba wa 'yan ƙalilan daga cikin masu sana'a farantin sola da batir, da kayan aiki na lantarki, su daina ƙona gawayi, su tsaya da ƙafarsu. Amma masu tallafin, da yake baƙi ne, za su shiga gida gida su ga wanda ya fi buƙata.

"Wato dutse ba hayaƙi?" in ji Sitaci.

"Ba hayaƙi, ba toka. Rana ce za ta yi maka hurin wuta."

Sitaci ya ɗaga kai ya dubi ranar da ta daɗe tana gasa masa ƙeya kyauta, ya ce ashe dai tana da wani amfani. Daga ranar ya soma lissafin numfashin da zai rage masa. Har ya yi wa ɗan zakaran dutsen sallama tun ba a kai ko'ina ba.

Da safiyar zuwan baƙi, Kar-a-ji ta tsaya tsakiyar ɗaki ta riƙe ƙugu.

"Baban yara, a haka za su shigo? Su ga katifar nan da hanjinta a waje?"

"To ai abin da suka zo gani ke nan."

"Su gani su je su faɗa? Kar a ji! Baƙo baƙo ne, ko rabon wahala ya zo yi."

Shi ma dai Sitaci, a ƙasan ransa, bai so mace baƙuwa ta gan shi cikin singiletin da ya fi raga ƙofofi. Ga kuma kayan mutane a jere, wankakku, gogaggu, suna ƙamshi. Mafi kyawunsu na Mai Gidan Bene ne, babban mai kawo masa wanki, wanda kayansa kaɗai ke riƙe da rabin tukunyar gidan.

"Aro ne na ɗan lokaci," in ji ta. "Kai za ka sake gogewa, wa zai sani?"

Kafin ka ce me, labulen gidan bene ya hau tagar da ba ta taɓa ganin labule ba. Zanen gado mai furanni ya lulluɓe katifa da hanjinta. Aka shimfiɗa wa tebur mayafi, aka tura bokitan tarar ruwa ƙarƙashin gado. Maƙwabta ma ba a bar mu a baya ba, wannan ta kawo kujera, wancan ya kawo fanka, a gidan da ko wayar wuta babu. Sitaci ya zura farar rigar Mai Gidan Bene mai aikin zare a wuya, ya tsaya ƙiƙam kamar an goge shi tare da ita.

"Kuma don Allah," in ji Kar-a-ji, "ka riƙe tarin nan. Kar ka yi mana shi gaban mutane."

Baƙin suka iso, wata mata mai tabarau da wani dogo mai ɗaukar hoto da waya, Sakatare na biye yana share gumi. Matar ta shafa labule, ta dubi fanka, ta dubi rigar.

"Kai, Baba, sannu da ƙoƙari! Duk da guga ka yi wannan?"

Sitaci ya ce, "Da guga, ranki ya daɗe." Bai kuwa yi ƙarya ba.

"Lafiyar jiki fa? Hayaƙin ba ya damun ka?"

Tarin ya taso masa tun daga cibiya. Ya dubi matarsa, ta zare masa ido. Ya haɗiye shi, idanunsa suka kawo ruwa, ya yi murmushi ya ce, "Sai godiya." Dogon ya ɗauki hoto daidai nan.

Sakatare ya buɗe baki ya rufe. Ya san kowane zare na ɗakin nan da mai shi. Amma ya ce me? Ya ce dattijon nan kayan amanar mutane ya saka? Gaban baƙi? Sai ya ƙara share gumi.

Sola ta tafi wurin mai aski da wani tela, waɗanda Allah ya taimake su matansu ba su da kunya sosai.

Da a nan ta tsaya, da da sauƙi. Ranar rabon kaya aka ɗaura wani ƙaton ƙyalle na roba a bakin layi, ga hoton Sitaci a jiki, fari fat, yana murmushi da idanu masu ƙyalli. Waɗanda suka iya karatu suka ce an rubuta cewa ga abin da dogaro da kai ke yi wa mutum. Yara suka riƙa zuwa rumfa suna gaishe shi da "ranka ya daɗe". Mu manya muka ce ya ara mana fanka.

Mai Gidan Bene ya zo wucewa a mota, ya sa direba ya tsaya. Ya daɗe yana kallon wuyan rigar. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya aiko direba ya kwashe kayansa, har da waɗanda ke jiƙe a baho. Labari ya bi gidaje, waɗansu ma suka janye nasu, kowa na tunanin wa ya san inda wandonsa ya taɓa zuwa yawo.

Sitaci ya je wurin Sakatare, wannan karon cikin singiletinsa, yana tari iya son ransa.

"Ka ga yadda nake. A kira su su sake dubawa."

"Wallahi, Baba, na yi magana daga baya. Sun ce sun koma wata unguwa. Sai dai in an sake samun wani tallafin."

"Yaushe?"

Sakatare ya dubi ƙasa.

Da damina ta kama, iska ta tsinke ƙyallen ta yar a kwata. Kar-a-ji ta faki ido ta janyo shi, kar a gani. Suka shimfiɗa shi kan kwano, suka danne da duwatsu da tsohuwar taya. Gaskiya roba ce mai kyau, ɗigon wajen gado ya tsaya cak. Abin da Sitaci ya samu daga ƙungiya ke nan, kuma Sakatare da kansa ya ce irin wannan robar tana daɗewa.

Yanzu haka yana rumfa, wankin ya ragu, gawayi ya ƙara tsada. Yakan duƙa ya hura dutsen, ya tsaya ya dafa tebur har tarin ya sake shi, ya koma ya hura. A saman ɗakinsa kuwa ga shi can kwance cikin farar riga, yana yi wa rana murmushi, ita kuma tana cin fuskar a hankali.