Faɗuwar Kyanwa ta Huɗu

Shekara arba'in da ɗoriya Kyanwa ya yi yana fentin benaye, kuma sau uku yana faɗowa. Biyu daga tsani, na ukun kuwa daga hawa na biyu ya zubo, shi da bokitin fenti, ya miƙe shuɗi tun daga kai har ƙafa yana tambayar wa ya ga buroshinsa. Ranar aka laƙaba masa sunan. Ko ɗan yatsa bai taɓa karyawa ba. In an tambaye shi sirrin sai ya ce, "Ka saki abin da ke hannunka, ka tura hannayen gaba, ka mirgina. Shi ke nan."

Tsoro bai same shi a sama ba. A asibiti ya same shi, yana da shekara saba'in da shida, ranar da ya je duba abokinsa mai aski. Mai askin bai hau komai ba. Juyowa kawai ya yi zai ɗauki almakashi, ya tafi ta gefe, ƙugu ya daki siminti. Kyanwa ya ga ƙafar a kan gado: ta gajarta, tafin ya kwanta waje kamar ba na mutumin ba.

"Daga tsaye fa?" ya tambayi nas.

"Baba, yawancinsu daga tsaye ne," in ji ta. "Yaro gaba yake faɗuwa, hannu ya tare. Ku kuwa gefe kuke tafiya, hannun ya makara. Ga naman ƙugu ya zube, ga ƙashi ya zama kamar katakon da gara ta ci, nauyin mutum duka ya sauka wuri ɗaya."

Wata huɗu mai aski ya yi a kwance, bayansa ya yi gyambo, daga nan gawarsa aka fitar.

Tun daga lokacin Kyanwa ya naɗe dardumar ɗaki, ya koma tafiya yana shafa bango kamar mai neman inda fenti ya ɓare. Abu ɗaya ya ƙi bari, sa wando a tsaye. Matarsa, wadda ta shekara hamsin tana tsokanarsa, kullum sai ta ce, "Tsoho, ga bakin gado nan, ba a biyan haya."

"Ranar da kika gan ni zaune ina sa wando, ki fara karɓar gaisuwa."

Wata safiya tana tsakar gida tana wanki, ya zura ƙafar hagu a wando, ya ɗaga ta dama, babban yatsa ya maƙale a ɗinki. Ya ji ɗakin ya karkata. Ya san abin yi, ya fi kowa sani. Amma kafin hannayen su saki bakin wandon, ƙugun dama ya riga ya isa ƙasa.

Bai yi ihu ba. Ya kwanta yana kallon ƙarƙashin gado, inda wani tsohon silifas yake kife. Zafin bai kai yadda ya zata ba, wannan ya ƙara tayar masa da hankali, don mai aski ma cewa ya yi da farko bai ji komai ba. Abu ne na ɗaga kai ya dubi ƙafar. Mutumin da ya leƙa ƙasa daga hawa na shida yana fito, yau ya kasa kallon yatsunsa.

"Tsohuwa."

Ta shigo tana yarfe kumfa. "Au, kwanciyar ƙasa muka koma? Ko kuɗinka ne ya faɗa ƙarƙashin gado?"

"Duba mini ƙafar dama. Kada ki taɓa. Yatsun ina suke kallo?"

"Kai ba ka da ido ne?"

"Don Allah ki duba."

Ta dafa gado ta sunkuya, gwiwoyinta suna ƙara. Ya jira ta yi masa dariya. Ya ƙagu ta ce ragon banza, tashi ka ba ni wuri. Sai ya ji ta jawo bargo ta rufa masa a hankali.

"Ta juya?"

"Ta juya, Baban yara," ta ce. "Kuma ba ta kai ɗayar ba."

Ya so ya ce ta ja masa wandon kafin mutane su shigo, ya tuna sai an motsa ƙafar, ya haɗiye maganar.

"Bari in kira direban nan na maƙwabta." Ta juya da sauri, silifas ɗinta a jiƙe, ga ruwan sabulu malale har bakin ƙofa.

Ya miƙa hannu ya cafke bakin zaninta, ya ce:

"Ba inda za ni, ina nan. Cire takalman nan, ki dafa bango. Ki riƙa yi mini magana har ki kai ƙofa, ina so in ji ki."