Samirun aro

Ni ba mai fita ba ce. A Shinkafi kowa ya san labari ne ke biyo ni har ɗaka. Maigidana na sayar da kwanuka da samiru da akwatuna, kuma tun zamanin mahaifinsa akwai abin da shagon ke yi a ɓoye: uwar amarya in hannunta bai kai ba, sai a ara mata kayan jere, a cika ɗaki, in baƙi sun watse a maido. Ba mai ji.

Sai maigida ya je Ƙaura ya dawo da ci gaba. Wai an haɗa masa kwamfutar shago da intanet, duk kayan da suka fita, ita da kanta za ta tura wa wanda ya karɓa saƙo a waya, ba sai an sa ta ba.

"Ba ta mantuwa," in ji shi.

Na ce, "Madalla. Kunya fa, an sa mata?"

Da maƙwabciyata za ta aurar da ɗiyarta a garin Zurmi, ni na roƙa mata samiru. Ba ta da waya, sai aka shigar da lambar amarya. Tsoronta ɗaya, kada dangin ango su ji.

Ranar ganin ɗaki har ni aka ja. Gwaggon ango na shafa samira tana cewa, "Kai, an kashe dukiya!" sai wayar amarya ta yi ƙara. Amarya na cikin lulluɓi, ƙanwar ango kuwa ta yi boko, dole mu shaida. Ta karanta da ƙarfi: ana tunatar da mu maido samirun aro gobe, an gode da hulɗa.

Har da godiya. Tarbiyya ke nan.

Maƙwabciyata ta dafe bango. Gwaggo ta ɗauke hannu daga samira, ta gyara gyale. "To! Ashe jeren baƙo ne?"

Ba ta rufe baki ba tata wayar ta yi ƙara. 'Yar boko ta fizge kafin a hana ta: ana tunatar da su maido akwatunan lefe na aro.

Can gwaggo ta dubi maƙwabciyata.

"Yaya, gobe da wace mota za ku maida naku? A haɗa da namu."