Gidan Sauro a Kan Tattasai

Jikata ta zo hutu daga Kano da wata 'yar na'urar wasa mai gilashi, ba ta fi tafin hannu biyu ba. Shekarar yarinyar tara, bakinta kuwa ya girme ta. Ni ina ce mata amarya, ita tana ce mini angon da ba haƙori. Ran nan bayan la'asar ina kan tabarma a zaure, ta zo ta jingina da ni, ta ce sai ta nuna mini garinta.

Wai gari ne a cikin na'urar. Tana da gida, tana da lambu, tana da maƙwabta. Ba faɗa, ba harbi, zama kawai ake yi, a shuka fure, a kama kifi, a gaisa da mutane. Na ce mata wannan ai rashin aikin yi ne, mutum ya bar garin gaske ya tare a cikin gilashi. Ta ce in yi shiru in saurara.

Sai na ji kukan, siriri, daf da kunne, sak na gaske. Ban san lokacin da na kai wa wuyana mari ba. Ta yi dariya har da kwanciya.

"Sauro ne, Kaka. Sai da damina yake fitowa. Tsaya ka gani."

Wata 'yar yarinya da ke cikin wasan ta ɗaga wata koma mai sanda, ta lallaɓa, ta kai sura, sai ga ta riƙe da sauron tana murmushi. Jikata ta ce ana kai shi gidan ajiye ƙwari a rubuta sunansa a jiki, ko a sayar da shi a shago. Ta jira in yi mata ba'a kamar yadda na saba, amma ni hankalina ya riga ya koma shekarun baya.

Shekara biyu ko uku bayan an yanke mana jiha daga Kano aka tura ni Gagarawa a matsayin malamin gona. Na tafi da matata, 'yar garin Sule Tankarkar, da 'yarmu guda ɗaya mai shekara uku. Gidan haya muka kama, katangarmu ɗaya da wata malamar asibiti, Kirista 'yar Filato, wadda ta ɗauki son duniya ta ɗora wa yarinyar. Ita ta je kasuwar Maigatari ta sayo gidan sauro fari mai igiya huɗu, ta buga ƙusoshi da hannunta a ɗakinmu. A lokacin ba kowa ke da shi ba, ganye ake turarawa a kwanta.

"Wannan na 'yata ne," ta ce wa matata. "Ba naki ba ne, ba na Malam ba ne."

Ni kuwa a wancan zamani kaina ya fi ƙarfin hulata. Manoman garin suna gaishe ni da ladabi, in na ba da baya su ce ga wanda ya koyi noma a kan allo. Abin yana cina. Da aka ba ni sabon irin tattasai daga ofis, ɗan kaɗan a ƙunshin takarda, na rantse da shi zan rufe musu baki. Na yafa shi a kwami biyu na renon iri a bayan gida, wajen ƙarshen damina. Ya tsiro gwanin sha'awa, sai fara ta sauka a kansa. Na barbaɗa toka, na kewaye da ƙaya, na jira maganin feshi bai zo ba. Kowace safiya sai in tarar an aske mini wani gefen.

Wata safiya na shiga ɗaki neman takalmi, idona ya faɗa kan gidan sauron. Na hau gado na fara kwance igiyoyin.

"Malam, ina za ka kai shi?" matata ta tambaya.

"Sati biyu ne kawai, irin ya yi ƙwari in dawo da shi."

"Ita kuma fa?"

"A yi mata turare. Mu da muka tashi ba gidan sauro, mutuwa muka yi?"

Ta juya ta ci gaba da aikinta. Na fita na kafa kara huɗu, na baza shi a kan kwamin, na danne gefensa da duwatsu. Har na ja da baya ina yaba wa kaina.

Da a ce jahilci ne da na samu wurin ɓuya. Ba jahilci ba ne. A makarantar koyon aikin gona na zana sauro a littafi da hannuna, na rubuta cutar da yake kawowa, na ci jarrabawa a kai. Na sani sarai, na dai ɗauka sati biyu ba komai ba ne.

Sati biyun ya cika, na ce a ƙara kwana kaɗan. A cikin kwana kaɗan ɗin jikin yarinyar ya ɗau zafi. Malamar asibitin ba ta gari, ta je ganin gida. Muka ba ta ƙwayar kemis, muka yi mata wanka da ruwan darbejiya, muka ce zazzaɓin kaka ne, kowane gida ana yi. Rana ta uku da hantsi ta fara jijjiga, idanunta suka kafe, haƙoranta suka datse. Na saɓa ta a kafaɗa muka ruga tasha. Lokacin wahalar mai ne, mota ɗaya ce a tashar, ita ma ba ko ɗigo a tankinta. Sai bayan azahar direban ya samo galan ɗaya a wajen 'yan bumburutu.

Ba mu kai asibitin Gumel ba. Muna cikin tafiya na ga matata ta ja gefen mayafinta ta rufe wa yarinyar fuska. Ba ta yi kuka ba. Ta taɓa kafaɗar direban ta ce, "Bawan Allah, juya da mu."

Malamar ta dawo ana kwana biyar da rasuwar. Ta shigo gaisuwa, ta zauna a bakin gado, ta ɗaga kai ta ga ƙusoshi huɗu ba komai a jikinsu. Ta dube ni sau ɗaya ta sunkuyar da kai. Matata ma har ta koma ga Allah ba ta taɓa tayar da maganar ba, ko a cikin faɗa. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Masu gaisuwa suka ce kwana ne ya ƙare, na kuma yi imani da haka. Amma ni na hau gadon nan, ni na kwance igiyoyin, wannan kuwa ba wanda ya isa ya sauke mini shi.

Tattasan ya yi kyau. Wannan ne abin da har yau nake jin kamar in yi ihu in na tuna. Ban sake leƙa shi ba, maƙwabci ne ya ji tausayi ya dasa, ya yi 'ya'ya manya jajaye irin waɗanda garin bai taɓa gani ba. Manoman da nake son rufe wa baki suka riƙa zuwa suna cewa, "Malam, ashe kana da dabara." Shekaru bayan haka, da aka fara raba gidan sauro kyauta, na bi ta wata fadama na gan su farare fat a kan kwamai. Na tsaya na rufe wani saurayi da faɗa kamar zan doke shi. Ya bari na gama, ya ce, "Baba, ai a wajenka mahaifinmu ya gani."

Ɗana, wanda aka haifa bayan duk wannan, bai san labarin gidan sauron ba. Da aka haifa masa mace ya sa mata sunan yayar da bai taɓa gani ba, don ya faranta mini. Shekara tara ke nan ban iya kiran sunan ba. Shi ya sa nake ce mata amarya, kowa ya ɗauka wasan kaka da jika ne.

"Ungo, kai ma kama ɗaya," jikata ta ce, ta danƙa mini na'urar.

Kukan ya sake tasowa. Na danna inda ta nuna mini, komar ta faɗa wani wajen, sauron ya sauka a kumatun 'yar yarinyar ya tashi.

"Ya cije ta," na ce. "To yanzu me zai same ta?"

"Ba komai, Kaka. Susa za ta yi, shi ke nan. Sake gwadawa mana."

Na mayar mata da abinta, na ce na gaji. Na tashi na shiga ɗakin da take kwana, rana ko faɗuwa ba ta yi ba, na bi gidan sauronta gefe-gefe ina cusa shi ƙarƙashin katifa, duk da na riga na yi haka da azahar.